Sheƙin Fenti Ba Ya Shaidar Gyara: Martani Kan Zaɓen Garejin Bodi

Kwanan baya wani marubuci ya yi wa masu motoci nasiha a kan inda ya kamata su kai mota idan ta yi karo, kuma maganar tasa ta samu karɓuwa a bakin ma'aikata da 'yan kasuwa a wannan yanki namu na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne kada mutum ya bar motarsa a hannun fanel bitan gindin bishiya. A ɗora ta a kan babbar mota a kai Kano, a nemi gareji mai katanga da allo da ofis da ɗakin gasa fenti, a duba motocin da suka gama a ga yadda suke ɗaukar ido, in kuma akwai inshora a bar wa kamfanin ya zaɓi wurin. Niyyarsa mai kyau ce, ɓarnar da ta tunzura shi kuma ba ƙage ba ce, domin babu direban da bai san motar da ta dawo daga gyara tana tafiya a karkace tana cin taya gefe ɗaya ba. Sai dai ma'aunin da ya miƙa wa mutane yana auna abin da ido ke gani ne kawai, alhali abin da ke kashe mutum a motar da aka gyara yana kwance a ƙarƙashin fenti. Wanda ya zaɓi gareji da wannan ma'auni ya zaɓe shi da abin da ya fi komai sauƙin ha'inci a sana'ar gaba ɗaya.

Sai an san yadda aka ƙera motar kafin a san wanda ya dace ya taɓa ta. Yawancin ƙananan motocin da ke bin hanyar Kunya zuwa Kanya da Babura har Babban Mutum, ko hanyar Kano zuwa Dambatta da Kazaure da Daura, irin su Golf da Sharon da Corolla da Civic da Fijo 406, ba su da shasi na daban wanda aka ɗora bodi a kansa kamar yadda Hilux take. Bodin shi ne shasin. Ginshiƙan ƙofa da rufi da ƙasan motar, da ƙafafun ƙarfe biyun da suka miƙe daga bayan bamba suka sa inji a tsakiya, duk jiki ɗaya ne da aka ɗinke da ɗigon walda dubbai. Kuma da gangan aka yi gaba da baya su fi tsakiya laushi. Wani injiniyan kamfanin Marsandi, Béla Barényi, shi ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, ta kuma fito a motocin kamfanin a 1959: gaba ya murƙushe ya shanye bugun, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya yadda yake. Ke nan motar da gabanta ya lotse, mutanen ciki suka fito da ƙafarsu, aikinta ta yi. Abin da ya kamata ya dami mai ita bayan nan shi ne ko za ta sake yin wannan aiki in tsautsayi ya sake faɗawa, kuma allon gareji ba shi da amsar wannan.

Ɓarnar karo iri biyu ce, kuma babban giɓin da ke cikin rubutun malamin da nake mayar wa martani shi ne ya zuba su a kwando ɗaya. Akwai ta fata: ƙofa ta loɓa, fenda ta lanƙwashe, bamba ta tsage, bonet ya tashi. Akwai kuma ta ƙashi: ƙafar shasi ta karkace, ginshiƙin ƙofa ya shige ciki, mazaunin shokoba ya gusa, rufi ya yi ƙunci. Wanda ya kuje a gwiwa ko a gida ma a ɗaure masa, wanda ya karye a cinya kuwa sai maɗori na gaske, kuma ba a gane ƙwarewar maɗori daga hasken ƙyallen da ya naɗa. Ɓarnar fata, fanel bitan kirki a Babura ko Roni yana gyara ta da guduma da ƙarfen tokara da haƙuri, sau da yawa ma fiye da yaron babban gareji wanda bai iya komai ba sai kwancewa da ɗaurawa. Ɗaukar irin wannan mota zuwa Kano asarar kuɗin ja ce kurum. Ta ƙashin ita ce wurin tsoro. Kowa ya san yadda ake yi mata a garejojinmu: a ɗaura sarƙa a ƙafar shasin da ta lanƙwashe, a zagaya ɗaya bakin a kututturen darbejiya, a kunna wutar kabaid a gasa ƙarfen har ya yi jajir, sannan a yi ta ja da jak, oga yana duka yana ja da baya yana kanne ido, har ya ce ya miƙe. Kuma a ido ya miƙe ɗin. Matsalar ita ce ƙarfen da ake sa wa waɗannan wurare a motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau ba irin na da ba ne. Siriri ne, ƙarfinsa kuma ya samo shi ne daga yadda aka sarrafa shi da zafi da sanyi a masana'anta. In aka sake gasa shi, ko dai ya yi laushi ko ya yi gautsi, ba kuwa wata alama da zai nuna a waje. Shi ya sa Honda da Toyota, a ƙa'idojin gyaran da suke fitarwa, suka hana sa wuta wajen miƙar da irin wannan ƙarfe, suka ce sassan da suka fi ƙarfi a cikinsa idan sun lanƙwashe canza su ake yi ɗungurungum.

A nan malamin zai ce ai wannan ita ce hujjarsa, tunda a gindin bishiya ake wannan aika-aika. Ana yi a can, babu musu. Amma ana yi a bayan katanga ma, bambancin kawai shi ne a can ba a barin mai mota ya wuce ofis. Misali mafi ƙarfi a kan haka ya zo ne daga ƙasar da ta fi kowa garejoji masu allo da takardun shaida. A birnin Dallas na jihar Teksas a Amurka, ƙanƙara ta lalata rufin wata Honda Fit ƙirar 2010, mai ita ya kai ta garejin John Eagle Collision Center a 2012, babban wuri mai alaƙa da dillalin Honda. Ƙa'idar Honda ta ce a ɗinke sabon rufin da ɗigon walda 104. Garejin ya manna shi da gam, ya fesa fenti, mota ta fito tana walƙiya. Wasu ma'aurata suka saye ta ba su san an taɓa canza rufin ba. A Disambar 2013 wata a-kori-kura ta kauce hanya ta yi taho-mu-gama da su, rufin ya rabu da bodi, motar ta kama da wuta, mijin ya ƙone ƙwarai, matar ma ta ji munanan raunuka. A Oktobar 2017 masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙiyasta diyyar dala miliyan 42, suka ɗora wa garejin kashi 75 cikin 100. Wannan gareji ya cika kowane sharaɗi da marubucin namu ya lissafa. Da ɗan Babura ya je can da jerin nasa a hannu, da ya ba shi maki cikakke ya miƙa makulli.

Shi kuwa sheƙin da aka ce a duba a jikin motocin da aka gama, shi ne mafi rauni a cikin sharuɗɗan. Tsakanin ƙarfe da fenti akwai fila, wannan kwaɓin da ake shafawa a goge da samfefa har wuri ya yi sumul. An yi ta ne don ta cike ɗan tabon da guduma ta bari, kuma masu yin ta da kansu ba su yarda kaurinta ya wuce milimita 6 ba, aikin ƙwarai kuwa ko kusa da haka ba ya kaiwa. Amma fila ta fi bugun ƙarfe sauƙi da sauri, don haka malalacin ma'aikaci sai ya bar ramin yadda yake ya cika shi da kwaɓi, ya sassaƙa siffar fenda da hannu kamar mai yaɓe. Ranar da mota ta fito ba mai iya bambance wannan da aikin gaskiya, a ɗakin gasa fenti aka fesa ta ko a tsakar gareji da asuba kafin ƙura ta tashi. Sai zafin bazara ya dake ta, ramukan hanya sun jijjiga ta, damina ta shigar da ruwa ta tsagar farko, sannan ta fara kumbura tana ɓantarewa da tsatsa a ƙasa. Saboda haka lokacin duba aiki shi ne bayan an gama bugu da walda, kafin a buɗe gwangwanin fila, sa'ad da ƙarfe ke tsirara. A lokacin ne ake ganin ko walda ta kama ko tsiyaye ta kawai aka yi, ko an ƙona wurin da bai kamata ba, ko an shafa maganin tsatsa a bayan wurin da aka ɗinke. A lokacin ne kuma ake awo: a ja tef daga wani rami ko ƙusa a hagun gaba zuwa takwararsa a damar baya, a sake ja ta ɗaya kusurwar, a ga ko sun zo ɗaya. Masu sana'ar ba sa yarda da saɓanin da ya wuce kamar milimita 3. Tef bai kai kuɗin cin abincin rana ba, kuma ma'aikacin da bai taɓa ɗora shi a kan shasi ba ya riga ya faɗa maka matsayinsa. In kuma mota ta riga ta sha fenti, ɗan mayen ƙarfe da aka naɗe a ƙyalle yana tona asiri: inda ya kama da kyau ƙarfe na kusa, inda ya zame ya faɗi kwaɓi ne ya yi kauri.

Akwai abin da malamin bai ambata ba ko sau ɗaya, wato jakar iska da bel. Jakar da ta fashe ba ta komawa, kuma a yawancin motocin zamani bel ɗin ma yana da ɗan abin fashewa da ke tsuke shi a lokacin bugu, shi ma sau ɗaya yake aiki. Canza su da na'urar da ke sarrafa su kuɗi ne mai nauyi, shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin kaucewa: a cusa tsumma ko soso a cikin sitiyari, a manne murfin a fesa masa baƙi, rewaya ya sa ɗan abin da zai yaudari kwamfutar motar, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗin daga dashbod, ko ya haɗa wayarta da ta fitilar mai don su riƙa mutuwa tare. Ganewa ba ta da wuya ga wanda aka nuna wa. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ya kamata ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta ko da ba a tayar da inji ba. Wadda ba ta kama ba sam, ko wadda ba ta mutuwa sai inji ya tashi, akwai magana a bayanta. Wannan ha'inci ba ya buƙatar gindin bishiya. Ya ma fi armashi a wurin da lissafin kuɗi ke fitowa a bugagge, domin a can ne ake iya rubuta kuɗin sabuwar jaka a takarda, mai mota ya biya yana godiya.

Batun inshora kuwa, shawara ce da aka rubuta wa wasu mutane daban. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, 'yan sanda suka tsaurara bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Wannan ita ce takardar da ke cikin aljihun gaban yawancin motocinmu, kuma ba ta gyara motar mai ita, ta wanda ya buga take gyarawa. Inshorar da ke ɗaukar nauyin motarka kai kanka, hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara, wato naira 400,000 a kan motar miliyan 8. Malamin makaranta nawa ne a Gwiwa ke biyan wannan? Ko ga mai irin wannan inshorar ma, kamfanin da zai biya kuɗin gyara yana da buƙatar lissafi ya yi ƙasa, kuma barin mai biya ya zaɓi wurin gyara ba tare da sa ido ba sakaci ne, ko da kamfanin na kirki ne.

Wannan ya kawo mu ga yadda al'amarin ke gudana a zahiri, wanda rubutun bai leƙa ba. A nan idan aka yi karo, jama'a ce ke taruwa, a yi salati, a yi jaje, a ce Allah ya tsare gaba, sannan dattawa ko 'yan yuniyon ko 'yan sanda su yi sulhu: wanda ya yi laifi shi zai gyara. Sulhu alheri ne, ya kuma fi shari'a sauri. Amma duba abin da ke biyo baya. Mai laifin ne ke cewa yana da mutuminsa, a kai can. Shi zai yi ciniki, shi zai biya, kuma ba shi zai hau motar ba, ba 'ya'yansa za a ɗauka a ciki ba. Fanel bitan ya san wanda ya kawo masa aiki, ya san kuma abin da ake so: mota ta fito da wuri, da araha, ta yi kyan gani har mai ita ya ce ya yafe. Mai motar kuwa kunya ta hana shi matsawa, kada a ce ya ƙi haƙuri da ƙaddara. A nan ne mafi yawan mugun gyara ke samo asali, a teburin sulhu, tun kafin a ɗaga guduma. Abin da ya kamata a koya wa mutane shi ne wanda aka buga shi ke zaɓar ma'aikaci, a ƙiyasta ɓarnar a gaban shaidu bayan an kwance bamba da fenda an ga abin da ke ciki, domin ƙiyasin da aka yi a bakin titi ƙiyasin fata ne. Kuma in takardar inshorar mai laifin ta gaske ce, miliyan 3 ɗin nan don irin wannan rana aka tanade ta, ko da yake mutane kaɗan ne ke bin ta.

To da me za a gane mai amana? A ganina alamar farko ita ce ya iya cewa a'a. Ma'aikacin da zai leƙa ƙarƙashin mota ya ce, "Alhaji, ƙofa da fenda nawa ne, amma wannan ƙafar shasin ta fi ƙarfin kayan aikina," ya bar kuɗi ya tafi saboda gaskiya, kuma irinsa ne za a ba ƙofar da fendar hankali kwance. Wanda duk abin da aka nuna masa sai ya ce ba matsala, shi ne matsalar. Bayan wannan, ya yarda a zo a ga aiki tsirara kafin fila, ko a ɗauki hotonsa da waya mataki-mataki. Ya yarda ya dawo da duk abin da ya ce ya canza, tsohuwar fitila ce ko lagireto ko jakar da ta fashe. Ya faɗi ko kayan da zai sa sabo ne na kamfani, ko na Beljiyam ne da aka ciro daga wata motar, ko kwaikwayo ne. Sannan in za a duba aikinsa na baya, a bar motar da ta fito jiya, a nemi wadda ta ga damina biyu. A nan ƙaramin gari ya fi birni daɗin sha'ani, abin da malamin ya manta. A Babura ko Kazaure motar da wane ya gyara bara tana nan tana lodi a tasha, direbanta yana nan, kuma direbobin haya ba sa rufa wa mugun aiki asiri, tunda su ke sayen tayar da yake cinyewa. A Kano baƙo ba shi da wannan. Abin da ke gabansa shi ne ɗan kamasho da ya tare shi tun daga bakin hanya, wanda ladansa na cikin lissafin da za a kawo masa.

Bayan duk wannan, a rubuta yarjejeniya. Za a ce neman a rubuta yarjejeniya tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya cin fuska ne, kuma fanel bita zai ji an mai da shi ɓarawo. Wannan ƙorafi yana da nauyi a al'adarmu, amma ba shi da tushe a addinin da al'adar ke jingina da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, ijara ba ta inganta sai an san aikin an san ladan. Kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garuruwan nan, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Malaman mazhabar sun bayyana dalili: jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, in ba a ɗora musu lamuni ba dukiyar mutane za ta salwanta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Amma alƙali, na kotun shari'a ne ko na majistare, da me zai yi hukunci in babu abin da ke nuna me aka yi alkawari? Rabin shafi ya isa: sassan da za a canza, waɗanda za a buga, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, kafin alƙalami nawa, ranar karɓa, da abin da za a yi in fenti ya ɓantare cikin wata shida. Takardar tana kare ma'aikacin ma, domin masu mota ba waliyyai ba ne. Akwai wanda zai ce a yi masa na araha, in ya lalace ya zagaya gari yana ɓata sunan mutum.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ƙarfi, wato kuɗi. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya yi tashin gwauron zabo, kuma mai Golf ɗin da ke ciyar da gida da ita ba zai iya ajiye ta wata biyu yana jiran gyara irin na littafi ba. Gaskiya ne. Amma in an bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, ni take goyon baya. Idan kuɗi bai isa a yi komai ba, dole a zaɓi abin da za a fara, kuma shawarar malamin tana tura ɗan abin da ke hannu zuwa fenti da kuɗin ja da kuɗin ofis. Abin da hankali ya nuna shi ne a fara da ƙashi, da birki, da tayarod da sauran kayan sitiyari, da alaimen, da bel, da fitilu. In kuɗi ya ƙare a nan, a sa ƙofar Beljiyam mai launi daban a ci gaba da neman abinci, fenti ya jira kaka. Mota mai ƙofa ja a jikin fari abin tsokana ce a tasha, amma mu mun saba juya lissafin: kunyar a ga tabo ta fi mana tsoron abin da ba a gani. Mai motar haya ma abin ya fi hawa kansa, domin fasinjan da ya shiga Sharon a ranar kasuwa bai san tarihinta ba, bai kuma yarda a yi caca da ransa ba.

Ragowar gaskiyar da ke hannun malamin ita ce kayan aiki. Miƙar da shasi yadda ya kamata yana buƙatar teburin ƙarfe da ake ɗaure mota a kai a ja ta a sanyaye da ma'auni, da injin walda mai ɗigo, da na'urar karanta kwamfutar mota, kuma an fi samun waɗannan a Kano, a manyan garejoji da wuraren kanikawa irin su Kwakwaci. Don haka ɓarnar ƙashi ta cancanci tafiya. Sai dai dalilin tafiyar shi ne teburin da mutumin da ya iya aiki da shi, kuma su za a nema a gani da ido, a tambayi awon da aka samu kafin ja da bayan ja. Babu kuma laifi a raba aikin: a miƙar da ƙashi a Kano, a dawo da mota gida a ƙarasa bugu da fenti inda mai ita zai iya leƙawa kullum bayan la'asar. Akwai kuma motar da ba ta gyaruwa ko a ina. Idan ɗakin fasinja ya murɗe, ginshiƙai sun karye, abin da wasu ke yi shi ne su sayo rabin mota, su yanke ta tsakiya su haɗa gaban wannan da bayan waccan. Sassan da ake kwancewa daga rabin mota, ƙofa ko bonet ko fitila, sun fi kwaikwayo inganci sau da yawa. Amma ɗinke rabi da rabi da wutar kabaid a tsakar ƙasan mota yana sa layin walda ɗaya ya ɗauki nauyin da masana'anta ta rarraba a jiki duka. Mai amana zai ce a sayar da ita a kayan gyara a ƙara kuɗi a nemi wata, ko da ya san aikin zai kuɓuce masa.

Kuma irin wannan mota ba ta tsayawa a hannun wanda ya gyara ta. Abin da aka saba shi ne da zarar ta fito ta sha fenti sai a miƙa wa dillali, a ce ba ta taɓa karo ba, ta wuce Daura ko Gumel ko ta tsallaka Magarya, kamar yadda waccan Honda ta Dallas ta faɗa hannun waɗanda ba su san komai ba. Da ma wasu daga cikin motocin da ke shigo mana sun riga sun yi karo a Amurka, kamfanonin inshorar can sun yanke cewa gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu, aka yi gwanjonsu, aka yi musu kwaskwarima a Legas ko Kwatano. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano wanda aka ɓoye masa. Hotunan da aka ɗauka kafin fila da rabin shafin da aka sa wa hannu su ne kaɗai abin da mai mota zai iya nuna wa mai saye ya ce ga inda ta bugu, ga abin da aka canza, ga wanda ya yi aikin. Dillalai ba za su so wannan ba, kuma zai rage wani abu a farashi.